Nono Ba Ya Tsami Banza: Kindirmon Ƙwarya da Yogot ɗin Roba

A bakin kasuwar garinmu, ƙarƙashin wata darbejiya, akwai wata dattijuwar Bafulatana da ke sauke ƙwaryarta tun hantsi. Idan ta ɗaga faifai, sai ka ga kindirmo ya kwanta fari tas, samansa ya yi ɗan rawaya saboda maiƙo, ta sa ludayi ta yanko shi kamar mai yankan tuwo. Taku goma daga inda take zaune akwai shago mai firji, robobin yogot sun jeru a ciki suna naso. A tsakanin waɗannan biyun wani abokina ya tsayar da ni wata ranar kasuwa. Likita ya gaya masa sukarinsa ya fara hawa, dole ya rage tumbi, ga shi kuma kullum cikinsa a kumbure. Ya ji ana ta cewa abinci mai tsami yana gyara hanji, yana rage ƙiba. Ya dubi ƙwarya, ya dubi firji, ya ce da ni, "Malam, wanne zan riƙe?"

Tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye, domin abubuwan nan biyu uwarsu ɗaya. Madara tana ɗauke da wani sukari nata na halitta da ake kira laktos. Idan wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani suka shiga cikinta, sai su ci wannan sukari su mayar da shi sinadari mai tsami, shi kuma ya sa madarar ta daskare ta yi kauri. Abin da ke faruwa ke nan a cikin ƙwaryar ruga, shi ne kuma ke faruwa a cikin tankin kamfani. Bambancin yana wajen wanda ya zuba irin, da yadda aka tsare madarar, da abin da aka ƙara mata daga baya.

Na ga yadda kakata take yin kindirmo tun ina yaro. Takan tafasa madarar da aka tatso da safe, ta sauke ta bar ta ta huce har sai ta iya tsoma ɗan yatsa ba tare da ta janye ba. Sannan ta ɗebo ludayi guda na nonon jiya ta zuba, ta juya sau biyu, ta rufe da faifai ta tura ƙwaryar lungun ɗaki. Ba mai taɓa ta sai gari ya waye. Wannan ludayi na nonon jiya shi ne iri, kuma shi ake gada daga ƙwarya zuwa ƙwarya, shekara da shekaru. Idan kuwa aka kaɗa nonon aka tsame man shanu, abin da ya rage shi ne tsala, mai ruwa-ruwa, mai ƙarancin maiƙo.

Shi kuwa yogot, kamfani yakan dafa madarar, sau da yawa ta gari ce aka dama, ya bar ta ta sauko zuwa zafin da bai wuce digiri 45 ba, sannan ya zuba irin bakteriya guda biyu sanannu da aka raina a ɗakin gwaji. Cikin 'yan sa'o'i ta kama. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan biyu wani ɗalibin likitanci ɗan ƙasar Bulgeriya, Stamen Grigorov, ya gano ta a 1905 yana karatu a Janiba. Masanin nan na Cibiyar Pasteur da ke Paris, Elie Metchnikoff, wanda ya sami kyautar Nobel a 1908, shi ya yayata cewa tsawon ran manoman Bulgeriya yana da nasaba da nonon da suke sha. Da kamfanin Danone ya fara aiki a Basalona a 1919, a kantunan magani ake sayar da yogot ɗinsa. Wato abin da Turai ta sa a kwalba ta kai kantin magani, shi ne abin da makiyaya suka daɗe suna ajiyewa a lungun bukka.

Mu fara auna su ta fuskar hanji. A cikin jikin ɗan Adam akwai bakteriya kimanin tiriliyan 38, mafi yawansu a babban hanji, suna taimakawa wajen narkar da abin da ciki ya kasa, suna kuma tare wa masu cutarwa wuri. A wani nazari da aka wallafa a 2021, masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun raba mutum 36 gida biyu har mako goma. Kashi ɗaya aka ƙara musu abincin da aka tsimar, irin su yogot da kabejin Koriya mai tsami. A ƙarshe nau'o'in ƙwayoyin hanjinsu suka ƙaru, alamomi 19 na kumburin cikin jiki da ake gani a jini suka ragu. Mutanen ba su da yawa, amma sakamakon ya dace da abin da iyayenmu suka sani a aikace. Akwai kuma wata fa'ida da ba a jayayya a kanta: mutane da yawa idan suka sha ɗanyar madara cikinsu yakan murɗa, amma nono yakan zauna musu lafiya, domin ƙwayoyin sun rage laktos, kuma suna ci gaba da taimakawa wajen narkar da shi bayan an sha.

Sharaɗin duk wannan shi ne ƙwayoyin su kasance da rai. A nan kindirmo ya yi gaba. Nonon da ya kwana ɗaya a ƙwarya rayayye ne, kuma ba iri biyu kaɗai ke cikinsa ba, taron nau'o'i ne da suka saba da madarar shanunmu da zafin ƙasarmu. Yogot ma yana iya zama rayayye, ƙa'idar abinci ta duniya ma ta ce kowane giram ɗaya ya ɗauki aƙalla ƙwayoyi miliyan 10 masu rai. Sai dai akwai wanda ake sake dafawa bayan ya kama domin ya yi watanni a kanta ba tare da firji ba. Wannan yana da ɗanɗanon yogot, yana da sinadaran gina jiki, amma ƙwayoyinsa sun mutu. Duk robar da ka gani a jere a kan kanta cikin zafin bazara, kwanan lalacewarta kuma da sauran wata shida, ka san ba ita ake nufi ba idan ana zancen gyaran hanji.

Idan aka zo maganar tsafta, sai sikeli ya rinjayi ɗaya ɓangaren, kuma ba zan ɓoye wannan don son ƙwarya ba. Ba kowane nono ake tafasa madararsa ba. Ɗanyar madara tana iya ɗauko tarin fukan shanu, tana iya ɗauko bakkale, cutar da ke sa saniya ɓari, ta kuma bar mutum da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓɓai. Tsami yana rage wasu ƙwayoyin cuta, amma ba ya wanke madarar da ta fito daga saniya marar lafiya. Ga kuma ruwan da wasu ke ƙarawa don nono ya yi auki, wanda ba ka san daga wane rafi aka ɗebo shi ba, da garin ƙwame da ake zubawa don a mayar masa da kauri, da ludayi ɗaya da ke zagaya bakuna goma, da ƙuda. Kamfanin da ke bin doka yana dafa madararsa, yana rufe robarsa, yana buga kwanan wata da lambar hukumar NAFDAC. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai juna biyu, ko ƙaramin yaro, ko tsoho, ko majinyaci.

Amma rufaffiyar roba ma ba rantsuwa ba ce. Na taɓa sayen yogot a wata tasha ina kan hanya, robar ta yi sanyi a hannu, ban lura da cewa gindinta ya kumbura ba. Ina murɗa murfin sai ya yi tsit, kumfa ta biyo. Ƙishirwa ta sa na sha rabi, daren nan kuwa ban runtsa ba. A ƙasar da wuta ke zuwa ta ɗauke, roba tana iya yin sanyi da ɗumi sau biyar kafin ta iso hannunka. Akwai kuma masu dama madarar gari a bayan gida su ɗura a roba su manna takarda. Saboda haka tsaftar yogot tana ga amanar mai yin sa da mai ajiye shi, kamar yadda tsaftar kindirmo take ga hannun mai tatsa.

Yanzu ga inda abokina ya fi kasa kunne: rage ƙiba. Mutane sukan ce, dubi Fulanin daji, kullum cikin nono suke amma ba ka ganin mai tumbi. Gaskiya ne, sai dai makiyayi yana wuni a ƙafa bayan shanu, matarsa kuma tana tafiyar mil da yawa da ƙwarya a ka. Wannan nonon dai shi ake dama wa ramamme da fura a ce ya sha ya murmure. A Muritaniya, inda wasu ke ɗura wa 'yan mata abinci don su yi jiki kafin aure, madarar raƙumi da gero ake ba su. Abin da ake ba mutum don ya yi ƙiba ba zai zama maganin ƙiba don kawai an canza masa suna ba.

Abin da bincike ya nuna ɗan kaɗan ne, kuma ya kamata a faɗe shi daidai girmansa. A 2011 masana a Jami'ar Harvard suka fitar da sakamakon bin diddigin mutum sama da 120,000 na tsawon shekaru. Sun ga masu yawan shan yogot ba sa ƙara nauyi kamar sauran, amma bambancin bai kai rabin kilo ba a duk shekara huɗu. Nono yana da sinadarin gina jiki, yana riƙe ciki, wanda ya sha shi da safe ba ya saurin neman ƙosai da hantsi. Taimakonsa ke nan. Ba ya narkar da kitse, kuma duk mai tallan da ya ce maka yana yi, kuɗinka yake so.

A wannan fage kowannensu yana da inda yake tuntuɓe. Kindirmo yana da maiƙo, kuma giram ɗaya na mai yana ba da kalori tara, yayin da na sukari ke ba da huɗu. Mai son rage jiki tsala ta fi dacewa da shi, ko kindirmo kofi ɗaya. Yogot ɗin shago kuwa matsalarsa zaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babban mutum ke ƙarawa a abinci kada ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato ƙaramin cokali 12, idan ma ya tsaya a rabin haka ya fi. Ɗauki roba mai rabin lita ka karanta bayanta. Idan an ƙara giram 10 a kowane mililita 100, to ka shanye rabonka na yini a tsaye ɗaya, kana zaton magani kake sha.

Kada mai shan fura ya yi murna tukuna, domin ba a nan kaɗai gizo ke saƙar ba. Kindirmo yana barin ruga ba sukari, mu ne muke ɓata shi. A murje fura dunƙule uku, a zuba sukari ludayi guda, a shanye bayan an ci tuwo, a kwanta. Furar gero abinci ce mai kyau, ga citta da kanumfari da masoro, kuma dusar hatsi da wake da ganye su ne abincin ƙwayoyin hanji. Amma fura da nono abinci ne cikakke. Wurinsa shi ne ya maye gurbin kwano guda, ba ya hau kansa ba.

Idan na haɗa lissafi, kindirmo ya fi rai, ya fi araha, ba a zuba masa sukari ba, kuma kuɗinsa yana shiga hannun matar da ta tatso shi. Yogot na amintaccen kamfani ya fi tabbacin tsafta, amma sai ka tona kafin ka sami marar sukari mai rai. Ni ƙwarya na zaɓa, bisa sharaɗin a ara mata horon kamfani: a tafasa madara, a wanke mazubi da ruwa mai kyau, a rufe, kada a ƙara ruwa. Wanda bai sami mai nonon da ya yarda da ita ba, ya tafasa madara a gida ya zuba cokali biyu na yogot mai rai ya rufe ta kwana. Kuma a riƙa sha a kai a kai, domin ƙwayoyin nono baƙi ne a hanji, suna aikinsu su wuce, ba sa kafa gida. Mai ciwon sukari kuwa kada ya ajiye maganinsa saboda nono.

Wannan na gaya wa abokina, sai muka ƙarasa gindin darbejiya muka durƙusa. Ya ce, "Inna, sannu da rana. Madarar nan ana tafasa ta kuwa?" Ta dube shi ta ce, "Ɗana, abin da jikokina ke sha nake kawowa. Ban taɓa kwantar da ɗanya ba." Ta miƙa hannu za ta kwance ƙullin sukari, ya ce ta bar shi. Ya kurɓa ya yamutsa fuska saboda tsami, ya sake kurɓa. Tun daga ranar yake aiko yaro da kwanonsa mai murfi duk safiya, ya kuma koma zuwa kasuwa a ƙafa.