Kalmar "Disparage" Da Darajar Ƙasar Yauri

Akwai wata kalma ta Ingilishi wadda malaman ofis da na makaranta sukan ci karo da ita cikin takardun hukuma da na shari'a, watau disparage. Da yawa sukan fassara ta da "suka", amma wannan bai dace ba. Mai suka yana nuna laifin da ke akwai ne don a gyara. Disparage kuwa kushe ne, watau a faɗi maganar da za ta rage wa mutum ko aikinsa daraja a idon jama'a. Idan Turawa suka ce disparaging remarks, maganganun ƙasƙanci suke nufi. Ba kalmar kasuwa ba ce, a rubutu aka fi jinta.

Ingilishi ya aro ta ne daga tsohon Faransanci, tushenta kuma par na Latin, watau tsara. Ma'anarta ta fari ita ce a aurar da mutum ga wanda bai kai shi asali ba. Har cikin yarjejeniyar Magna Carta ta 1215 manyan Ingila sun sa Sarki John ya yarda ba za a yi wa magadansu irin wannan aure ba. Daga nan ma'anar ta yaɗu ta haɗa kowane irin kushe.

To, mun kawo wannan tarihi ne domin muna da irinsa a gida. Cikin labarin Bayajida an ce Hausa Bakwai zuriyar matan aure ne, sauran bakwai kuwa, har da Yauri da Kabi, daga ɗan ƙwarƙwara suka fito, aka kira su Banza Bakwai. Ashe ke nan wannan suna shi ne disparage tsantsa, da tsohuwar ma'anarta da sabuwar.

Amma wanda ya ga kufan ganuwar Birnin Yauri ya san ba banza ta gina ta ba. Masanin tarihi Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, wanda ya shugabanci Jami'ar Sakkwato, ya wallafa littafi a 1978 a kan sawun Hausawa cikin tarihin Afirka ta Yamma. Haka kuma mutanen da muke kira Gungawa, don zamansu a gungunan Kwara, su Bareshe suke kiran kansu, suna da harshensu, sun kuma shahara da su da noman albasa. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya ci gungu da yawa, aka tashe su zuwa sababbin garuruwa a bakin tafki. Ƙasa ta sami lantarki, su suka bar kushewun iyayensu. Wanda ya yi wannan bai cancanci raini ba.

Saboda haka muna roƙon malamin ofis, in zai rubuta rahoto a kan Bareshe, ko Kambari na Ngaski, ko Shangawa na Shanga, ya tambayi sunan da suke so. Magana takan wuce, abin da ya shiga fayil kuwa jikoki za su tarar. Malamin makaranta kuma, in ya zo kan Banza Bakwai, ya gaya wa yara labari ne na gargajiya, ba ma'aunin daraja ba. Hausawa sun ce wanda ya raina gajere bai taka kunama ba. Allah ya sa mu gane.