Yawon Keke A Gonakin Koko: Wata Hanyar Ƙara Wa Manomi Kuɗin Shiga

Ƙasashen Kwaddebuwa da Gana su ne ke noma fiye da rabin kokon duniya, Nijeriya da Kamaru kuma na biye da su a nahiyar Afirka. Sai dai kuma mafi yawan cakulan da ake yi da wannan koko a Turai da Amurka ake sarrafa shi, can kuma ribar take tsayawa. Abin da ke shiga hannun manomi bai kai kashi 10 cikin 100 na kuɗin da mai saye ke biya a kanti ba. Wannan giɓi ne ya sa masu harkar yawon buɗe ido suka fara kai baƙi cikin gonakin koko a kan keke, domin wani abu daga kuɗin baƙon ya tsaya a ƙauye.

Misali mai kyau yana tsaunukan Akuapem na Gana, arewa da birnin Akara. A garin Aburi, inda Turawa suka kafa lambun tsirrai a 1890, ana ba da hayar kekuna tare da ɗan jagora. Daga nan ba nisa zuwa Mampong, inda Tetteh Quarshie ya dasa irin kokon da ya kawo daga tsibirin Fernando Po a 1879. Gonar tana nan har yau, baƙi na ziyartarta.

Dalilin zaɓen keke shi ne, gonakin koko ƙanana ne, hanyoyinsu kuma ƙunci gare su, ba ko'ina mota ke shiga ba. Jarin da ake bukata kaɗan ne: kekuna, mai gyara, da saurayin da ya san hanya kuma yana jin Turanci. Mai keke kuma yana tsayawa ya sayi ruwa da abinci a ƙauye, abin da fasinjan bas bai cika yi ba.

A gona, ana nuna wa baƙo yadda ake fasa ƙwanson koko a fitar da 'ya'yan, a lulluɓe su da ganyen ayaba kwana 5 zuwa 7 su tsimu, sannan a shanya su a rana kimanin mako guda. Daga nan sai a gasa, a cire ɓawo, a niƙa, a haɗa da sukari, wani lokaci da madara. Baƙon yana biyan kuɗin rakiya, yana kuma sayen cakulan, don haka ƙwayar da da za a sayar da ita ɗanya a buhu ta kawo kuɗi sau biyu.

Amfanin wannan ya fi fitowa idan aka dubi rawar da farashi ke yi. A 2024 tan guda na koko ya haura dalar Amurka 10,000 a kasuwar New York saboda cutar itatuwa da rashin kyawun yanayi, sannan ya sauko a 2025. Manomin Gana bai ci moriyar tashin gaba ɗaya ba, domin hukumar koko ta ƙasar, COCOBOD, ita ke yanke farashin gona. A Nijeriya kuwa, tun da aka rushe hukumar koko a 1986, manomi na bin kasuwa ne, ya sami riba idan ta tashi, ya yi asara idan ta faɗi. Kuɗin baƙi ba su dogara da wannan kasuwa ba.

Nijeriya na da wuraren da za su dace da irin wannan sana'a: Idanre ta Jihar Ondo mai duwatsun tarihi, Ikom ta Jihar Kuros Riba, da Ibadan, inda Cibiyar Binciken Koko ta ƙasa take tun 1964. Amma ɗan kasuwar da zai zuba jari sai ya yi lissafin damina mai lalata hanyoyi, da tsaron baƙi, da wutar lantarki, domin cakulan na narkewa da zafi. Haka kuma wajibi ne a rubuta yarjejeniya da manoma tun farko a kan kason da zai shiga hannunsu, in ba haka ba kuɗin zai sake tsayawa a birni.