Tafwidi ko Tanfizi: Ikon da Aka Ce Ya Sauko Ikara

Tun ranar 11 ga Yuli, 2024, da Kotun Ƙoli ta hukunta cewa kason ƙananan hukumomi 774 ya riƙa isa hannunsu kai tsaye, ba tare da ya kwana a asusun haɗin gwiwa na jihohi ba, ake ta ambaton 'yanci a majalisun Ikara da Makarfi da Kudan, tamkar ciyaman ya zama sarkin yanka wanda babu mai tuhumarsa.

'Yan boko kan kira saukar da iko da fi'ilin Ingilishi devolve, wanda asalinsa Latin ne, ma'anarsa mirginowa daga tudu zuwa gangare; amma malaman fiƙihu sun riga su warware mas'alar. Imam Mawardi, cikin Ahkamus Sulɗaniyya, ya kasa wazirci gida biyu: na tafwidi, inda ake danƙa wa mutum al'amari ya zartar da ijtihadinsa, da na tanfizi, inda aikinsa isar da umarni kawai, kuma duka biyun ba su kuɓuta daga binciken wanda ya naɗa su ba.

Ƙasar Zazzau ta ɗanɗana kowanne, ko da yake ba a cika karantar da yaranmu wannan ba. Tutar da Shehu Usmanu ya ba Malam Musa, wanda ya ci Zariya a 1808, tafwidi ce cikakkiya, duk da haka Wazirin Sakkwato bai daina sa ido ba, har aka tuɓe sarakuna irin su Sidi Abdulƙadir da Sambo. Hakimai kuwa a birni suke zaune, jakadunsu ke zagaya ƙauyuka karɓar haraji, sai da Turawa suka tilasta musu tarewa a gundumominsu. Kantomomin riƙo, waɗanda kotu ta ce kada a sake ba su ko kwabo, in ba jakadun zamani ba, mene ne su?

To, yau mai naɗin ciyaman shi ne talaka da ƙuri'arsa, saboda haka hisabin ma nasa ne. Ana wallafa kason kowace ƙaramar hukuma wata-wata. Ya kamata manomin rake na Makarfi da mai tumatir na Ikara su nemi adadin, su tsare kansilansu da shi, su ji nawa ya tafi albashin malaman firamare, nawa asibitin shakatafi, nawa hanyar da motar kaya ke kafewa cikinta kowace damina.