Duwatsu masu aman wuta: abin da ake zuwa kallo a tsibirai akwai tsohonsa a Azbin

Wanda ya girma a Tasawa ko Mayahi bai saba da dutse ba. Jigawa ya sani, da fadama, da kabar Gulbin Kaba. Shi ya sa idan bidiyon dutse mai aman wuta ya faɗo a wayar salula, jan narkakken dutse yana gangarowa kamar kunu, ga Turawa tsaye suna ɗaukar hoto, sai a ce wannan kuma sai ƙasashen bakin teku. Ba haka ba ne gaba ɗaya. Nijar ma tana da irin waɗannan duwatsu, sai dai sun daɗe da mutuwa, kuma hanyarsu ba baƙuwa ba ce ga mutanen jihar Maradi.

Mu fara da abin da ake gani a bidiyon. Can ƙarƙashin ƙasa akwai wuraren da zafi ke narkar da dutse. Narkakken ya fi na kewaye da shi rashin nauyi, saboda haka yake neman hanyar hawa ta tsagar ƙasa. Idan ya fito, zafinsa kan kai digiri 1,000 zuwa 1,200, in ya huce kuma ya zama baƙin dutse mai tauri. Da yawa daga tsibiran da masu kuɗi ke zuwa hutu haka aka yi su: aman wuta ne ya yi ta taruwa daga gindin teku har ya ɗago kai sama da ruwa.

A tsibirin Reyuniyon, mallakar Faransa a tekun Indiya, dutsen Piton de la Fournaise yana cikin waɗanda suka fi yawan tashi a duniya, kuma yana cikin gandun ƙasa da aka kafa a 2007. Akwai tashar masu bincike da ke sauraron motsinsa dare da rana. Da alamu sun canza, hukuma ta rufe hanyar shiga. A Kap-Bar, nan yammacin Afirka, dutsen tsibirin Fogo ya tashi a watan Nuwamba na 2014, ya binne ƙauyuka biyu, Portela da Bangaeira. Ba a rasa rai ba domin an kwashe mutane da wuri. Bayan wutar ta lafa sai ga su sun dawo suna gini a kan baƙin dutsen, domin tokar aman wuta tana ba da ƙasa mai albarka, a nan suke noman inabi. Alhazan da suka lura da baƙaƙen duwatsun da ke gefen Madina su ma sun ga irin wannan: a shekarar 1256 an yi aman wuta kusa da birnin.

To a Nijar fa? Amsar tana tsaunukan Ayar, waɗanda Hausawa ke kira Azbin, arewa da Agadas. Duwatsun wuta iri biyu ne a can. Akwai tsofaffi ƙwarai, masu shekaru sama da miliyan 400, waɗanda iska da ruwa suka cinye samansu, saura gindin, manyan tsaunuka masu siffar zobe. Dutsen Bagzan yana cikinsu, kuma a kansa ne ƙololuwar da ta fi tsawo a Nijar take, mita 2,022. Masana sun lura cewa irin waɗannan tsaunuka sun jeru daga arewa zuwa kudu, shekarunsu suna raguwa: bayan Azbin sai na Damagaram da Muniyo wajen Gure, sannan na Jos a Najeriya, waɗanda su ne ƙannen. Wato direban da ya bar Tasawa ya nufi gabas, ba ya yin nisa kafin ya shiga ƙasar da ta taɓa ɗaukar wuta.

Iri na biyu su ne na baya-bayan nan a ma'aunin masana ƙasa. A kudancin Azbin, a yankin da ake kira Todra, akwai bakunan aman wuta fiye da 100, wasu kamar tulu a kife, da shimfiɗar baƙin dutse da ya bi ƙoramu ya daskare. A zamaninmu ba wanda ya ga sun tashi.

Abin da ya fi kai mutanen kudu can ba kallon dutse ba ne, ruwan zafi ne na Tafadek, arewa da Agadas. Masu ciwon gaɓoɓi, da sanyin ƙashi, da ƙuraje, sukan je su yi kwanaki suna wanka. Wasu na ɗauka wuta ce ke ci kusa a ƙarƙashin wurin. Bayanin ya fi haka sauƙi. Ko'ina a duniya, in aka nutsa cikin ƙasa zafi yana ƙaruwa, kusan digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita. Ruwan sama yana bin tsagogin dutse ya sauka can ƙasa, ya ɗauki zafi da gishirin ma'adinai, sannan ya sami wata tsagar ya dawo sama. Fitowar ruwan zafi ba alama ba ce ta cewa dutse zai tashi.

Amma a nan ya kamata a yi magana a fili. Ruwan ɗumi yana sassauta jijiya, yana rage zogin gaɓoɓi, wannan likitoci ba su musa ba. Ba ya warkar da hawan jini ko ciwon suga, kuma kuskure ne babba mutum ya ajiye maganin asibiti don zai tafi wanka. Daɗewa cikin ruwa mai zafi yana sauke jini, yana jawo jiri, tsoho zai iya suma a ciki. Mai ciwon zuciya da mace mai juna biyu su tambayi likita kafin su kama hanya. Wanda ya shiga kuma ya taƙaita, ya fito ya huta, ya sha ruwa sosai.

Tafadek ba ta cikin gandun da duniya ta sani. Gandun Ayar da Tenere, wanda aka kafa a 1988, ya ɗauki gabashin tsaunukan da wani sashe na hamada, murabba'in kilomita sama da 77,000. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1991, shekara guda bayan haka ta mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari saboda tawayen da ya ɓarke a arewa. An sa hannu kan zaman lafiya ranar 24 ga Afrilu 1995, wani tawayen ya sake tashi daga 2007 zuwa 2009, sai kuma satar ma'aikata a Arlit a 2010. Kowane karo baƙi suka ƙara ja da baya. Masu yi musu jagora da direbobi da maƙeran azurfa suka rasa abin yi, wasu suka koma haƙar zinariya. Dabbobin ma sun sha wuya: jiminar Azbin ta ɓace daga daji, sai wadda ake kiwo a killace. A 2025 an sace Turawa mata biyu a cikin garin Agadas kansa. Wannan shi ne bambancinmu da Reyuniyon: can dutsen ake tsoro, nan hanyar.

Ga ɗan ƙasa tafiyar tana yiwuwa, in an bi ta da hankali. Daga Tasawa a kama babbar hanya zuwa Damagaram, daga nan a yi arewa ta Tanut da Adarbisanat, wajen kilomita 450 kafin Agadas. Na Mayahi sai ya fara fitowa babbar hanyar. Daga Agadas zuwa cikin duwatsu ba a tafiya sai da motar da ta san wurin da ɗan gari, kuma sai an tambayi hukuma halin da hanya ke ciki a wannan makon, ba na watan jiya ba. A riƙe katin ɗan ƙasa, domin shingayen bincike suna da yawa. Lokacin damina ƙoramu kan cika farat ɗaya ko da ba a yi ruwa a inda kake ba. Kada a kwana a cikin ƙorama, kada a tsallaka ta tana gudu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi daɗi, sai dai sanyin dare a kan tsauni ya wuce hunturun da muka sani, bargo ɗaya ba ya isa.

Ba yau aka fara wannan zirga-zirga ba. Gobirawa suna faɗin cewa daga Azbin kakanninsu suka gangaro. Ayarin Kel Ewey na Timiya ya daɗe yana ɗauko gishiri da dabino daga Bilma, ya sauko kasuwannin ƙasar Hausa, har da Tasawa, ya koma da gero. Da irin wannan ayari Bajamushen nan Heinrich Barth ya baro Azbin a ƙarshen 1850, ya iso Tasawa a watan Janairu na 1851. Yanzu manyan motoci ne ke sauko da albasa da dankali da tafarnuwa daga lambunan Tabelot, da lemun Timiya lokacin sanyi.