Gishiri mai ruwa-ruwa a cikin ramukan gawayi

Akwai gishirin da ke narkewa da kansa kafin zafi ya kai digiri 100, kuma da wuya ya ƙafe. A 2008, masana ƙarƙashin Patrice Simon na Tuluz a Faransa da Yury Gogotsi na Amurka sun gwada shi a digiri 60 cikin gawayin ajiye lantarki mai ƙananan ramuka. Wutar da gawayin ya riƙe ta fi yawa inda faɗin rami ya yi daidai da ƙwayar gishirin, wajen nanomita 0,7, domin ƙwayar na manne da bango. Rami ya fi haka matsewa, ba ta shiga. A ƙasar da zafi ke kashe batir, wannan abin sa ido ne, sai dai gishirin na da tsada har yanzu.