Itacen da ke numfashi da saiwa

Duk manomin fadama ya san cewa ruwa in ya daɗe kwance a gindin shuka, kashe ta yake yi. Saiwa ma iska take shaƙa, laka kuwa in ta ƙoshi da ruwa babu iska a cikinta. Shi ya sa masu jure ruwa irin su giyayya da bagaruwa ke tsayawa a kwarin da sauran itatuwa suka kasa zama.

A bakin teku lamarin ya fi haka tsanani. A Neja Delta teku na cikowa sau biyu a yini, ruwan kuma mai gishiri ne. Duk da haka a gaɓar Najeriya ake da dajin mangurob mafi faɗi a Afirka. Wanda ya bi ta kwale-kwale a Bayelsa ko Ribas zai ga itatuwan ba a hargitse suke ba, kowane iri da wurin zamansa, gwargwadon daɗewar da zai iya yi cikin ruwa.

A gaba, daf da ruwa, jan mangurob ne, wanda masana ke kira Rhizophora. Saiwoyinsa daga jikin kututture suke fitowa su lanƙwaso su soki laka, sai ka ce itace ya tsaya bisa ƙafafu da yawa. A jikinsu akwai 'yan ƙofofi da iska ke shiga idan teku ta janye. Irinsa ma ba ya jiran ƙasa, tun yana rataye a jikin uwa yake tsirowa, sannan ya faɗo ya kafe a laka ko ruwa ya tafi da shi. A bayansa, inda ƙasa ta ɗan tashi, sai Avicennia, mai turo saiwoyi sama kamar tsinkaye, yana kuma fitar da gishiri ta ganye har ana iya ɗanɗana shi. Can ciki inda ruwan daɗi ya rinjayi na teku, tukurwa ce da abura, ɗan uwan giyayyarmu. Tudun da bai wuce taki ɗaya ko biyu ba ya isa ya raba wani iri da wani.

Wannan dabarar numfashi ita ce kuma lagonsu. Ɗanyen mai idan ya malala, ƙofofin nan yake toshewa, itacen da ya jure teku sai ya mutu a tsaye. Haka aka gani a garin Bodo na ƙasar Ogoni bayan malalar mai ta 2008, kuma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya ce gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Inda daji ya mutu kuwa, baƙo ke gaje wurin. Kwakwar nipa da aka kawo Kalaba daga Singafo a 1906 ta bazu a gaɓar teku, ta mamaye lakar da kifi ke fakewa a da, inda mata ke tsintar dodon koɗi su kai kasuwa.