Ko Kun Sani? Bindigar da ake kira "ta roba"

Ko kun san cewa mutumin da ya ƙera ƙaramar bindigar nan Glock 17, Gaston Glock ɗan ƙasar Ostiriya, sandunan labule da wuƙaƙe yake yi kafin nan? A 1982 sojojin ƙasarsa suka karɓe ta, ko da yake kamfanin Heckler & Koch na Jamus ya riga shi fitar da mai gangar roba tun 1970.

Gangar Glock 17 ta roba ce mai tauri, shi ya sa ba ta da nauyi: cike da harsashi 17 ba ta kai kilo ɗaya ba. Robar ba ta tsatsa, kuma ba ta ɗaukar zafi kamar ƙarfe, abin da duk wanda ya taɓa murfin mota da tsakar rana a Tanut ko Belbeji zai gane. Amma ƙurar wannan yanki na Damargu ba ta raga wa kowace bindiga. In man da aka shafa mata ya yi yawa, sai yashi ya manne.

Zancen wai na'urar bincike ba ta ganin Glock kuwa ƙarya ne, domin bututunta da samanta ƙarfe ne zalla. Riƙe ta a Nijar sai da izinin hukuma.